Yadda ake zaɓar azil na zafi a sa a gida, mataki-mataki

Assalamu alaikum. Tun da zafi ya kama, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a tare ni da maganar azil ba, wato abin da ake sa wa gini ya tare zafi ko ruwa, wani a ƙofar masallaci bayan isha'i, wani a waya, wata Hajiya maƙwabciyarmu ma ɗanta ta aiko har gida da faturar wuta, wato takardar kuɗin wuta, wai in duba mata ko mita ce ta lalace. Mita lafiyarta ƙalau, rufin gidan ne babu komai a kansa sai kankare tsirara. Na daɗe ina bin aikin gini tsakanin Jidda da Makka, toh bari in zauna in jero abin yadda nake yinsa, wanda zai gina sabo da wanda ke cikin tsohon gida da ma ɗan haya kowa ya ɗauki nasa.

Abu ɗaya kafin mu shiga: azil iri biyu ne, akwai na zafi da ake cewa harari, akwai na ruwa da ake cewa ma'i. Mutane da yawa a nan suke cuɗewa, mutum ya biya kuɗi a shimfiɗa masa baƙar kwalta ya ce ai ya yi azil, kwalta ruwa take tarewa kawai, zafi kam sai ma abin da ya ƙaru tunda baƙa ce.

1. Gano ta inda zafin ke shigowa

Wannan ba ya cin ko riyal ɗaya. Bari dare ya raba, wajen sha biyu, ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kamar awa ɗaya, ka hau kujera ka ɗora tafin hannunka a silin ɗin ɗakin sama, sannan ka bi bango huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Kankare yana shan rana tun safe, sai da dare yake amayar da ita cikin ɗaki, shi ya sa za ka ga waje ya ɗan yi sauƙi amma ɗaki kamar tanderu.

Na yi wa kawuna wannan gwajin a gidansa na Makka, yana ta cewa mukayyif ɗin ne ya tsufa zai sayi sabo. Na ce, Kawu don Allah hau ka taɓa da kanka. Ya ɗora hannu ya janye da sauri ya ce, ɗana wannan ai kamar bayan tukunya. A nan magana ta ƙare.

Galibi abin da za ka samu shi ne rufi a gaba, sai bangon yamma mai shan ranar la'asar, sai tagogi da ramin da ke gefen mukayyif na taga. Idan kai a tsakiyar bene kake, akwai gida a samanka, rufi ba matsalarka ba ce, tsallake zuwa mataki na 6.

2. Yi lissafi kafin ka taɓa aljihu

Wutar gida a nan halala 18 ce (halala 100 ne riyal ɗaya) kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, sannan a ɗora haraji kashi 15. Mukayyif na taga mai tan ɗaya da rabi, wato ma'aunin ƙarfin sanyinsa, yana jan wajen kilowat 2 a awa, in ya yi awa 16 a rana kaga kilowat 960 kenan a wata, kusan riyal 173 shi kaɗai kafin haraji. Gida mai huɗu irinsa ka ninka da kanka. Cibiyar kula da tattalin makamashi ta ƙasar nan tana cewa azil na iya rage abin da mukayyif ke ci da kashi 30 zuwa 40, amma wannan sai an haɗa rufi da bango da taga duka, kada ka yi rufi kaɗai ka zauna jiran wannan adadin.

Ɗauko faturar watanni uku na zafi ka ajiye, da su za ka gwada bayan an gama aiki. Sai ka auna rufin, tsawo sau faɗi, domin duk wanda zai ba ka farashi da mita zai ba ka.

3. San kayan da sunansu na kasuwa

Ba sai ka haddace komai ba, waɗannan su ne za ka ci karo da su.

Falin fari, wanda ake tushe firij da talabijin da shi a kwali, shi ne mafi araha. Yana tare zafi daidai gwargwado amma yana shan danshi kuma yana lotsewa in an taka, cikin bango ya fi dacewa da shi.

Falin mai matsi, allo ne shuɗi ko ruwan hoda ko ɗorawa, a takarda za ka ga an rubuta XPS. Shi nake ba kowa shawara a rufin kankare, ba ya shan ruwa sai kaɗan ƙwarai, yana ɗaukar nauyi, kuma santimita 5 nasa ya fi kankare mai kaurin mita biyu tare zafi. Launin ba shi ne inganci ba, kowane kamfani da launinsa.

Fom na feshi, da mota ake zuwa da durom biyu a haɗa a fesa ya kumbura a wurin. Ya fi duka tare zafi idan kauri ɗaya ne, yana shiga kowane lungu, yana kama kwano da kankare. Matsalarsa biyu, rana tana cinye shi in ba a shafe shi da fenti mai kariya ba, kuma a nan ne aka fi cutar mutane a kauri.

Suf sakhri, kamar auduga ne amma daga dutse aka narka shi, da ɗan'uwansa na gilashi mai ruwan ɗorawa. Ba ya cin wuta, yana rage ƙara, shi ne na cikin gida bayan jibs, farin allon nan da ake yin silin da shi. In ya jiƙe aikinsa ya tashi.

Sai bulo: akwai burkani na dutsen aman wuta, akwai fari mara nauyi, akwai ja, akwai mai falin a cikinsa. Wannan na mai sabon gini ne.

A kula: duk abin da za ka saya, nemi takardar bayanin kayan da shaidar SASO, hukumar duba ingancin kaya ta Saudiyya. Lambobi biyu za ka duba, kauri da kasafa, wato kilo nawa kayan ke aunawa a kowace mita kubik. Na allon rufi kada ya gaza 32 zuwa 35, na fom ɗin feshi a rufi wajen 40 zuwa 45. Ga dabarar da nake yi: allo ɗaya yawanci santimita 60 ne sau 125, in kaurinsa 5 ne ya kamata ya auna kilo 1.2 zuwa 1.3. Ɗora shi a sikelin kicin, in ka ga bai kai kilo ɗaya ba ka san ba shi ba ne, ko me aka buga a ledar.

4. Rufin kankare, nan ne aikin yake

Nan zan daɗe don nan ne kuɗin mutane ke narkewa. Jerin aikin shi ne komai, in ka juya shi sai ka fasa ka sake.

Na farko a kwashe komai a share, tsohon tayil da ya ɗaga, yashi, tarkacen da muke tarawa a sama, a ɗaga tanki da injinan mukayyif a kan ƙafa. Duk tsaga a buɗe ta a cike.

Na biyu gangare. Rufin ya karkata zuwa indararo, kamar santimita ɗaya a kowace mita. Zuba bokiti biyu na ruwa ka tsaya ka kalla, in ruwan ya kwanta a tsakiya to sai an zuba siminti an gyara. A kusurwar da rufi ya haɗu da katangar sama a yi ɗan tudu da siminti, masu aiki suna ce masa wuyan kwalba, don kada kwaltar ta karye a lanƙwasa.

Na uku a bar shi ya bushe sarai. Gargaɗi: kada ka yarda a shimfiɗa komai a kan kankare mai danshi, ko da mai aiki ya ce yana sauri. Danshin da aka rufe rana za ta mai da shi tururi, ya kumburo kwalta ko fom kamar ƙurji, bayan wata biyu ka ga yana ɓarewa.

Na huɗu azil na ruwa. A shafa firaima, wato shafen farko da ke sa kwalta ta kama, a shimfiɗa nadin kwalta mai kaurin milimita 4 ana gasa shi da wutar gas, kowane nadi ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 10, kuma ya haura jikin katanga da 20 zuwa 30. Bakin indararo da gindin bututu su ne inda yoyo ke farawa, ka tsaya a kansu da idonka.

Na biyar gwajin ruwa, kuma wannan ba na yafe shi ga kowa. A toshe indararo a cika rufin da ruwa kamar santimita 5 zuwa 10, a bar shi awa 48, ka riƙa shiga ɗakunan ƙasa kana duba silin da kusurwa. Jidda ba kullum ake ruwa ba amma duk wanda ya ga na Nuwamban 2009 ko na 2022 ya san in ya zo ba ya sallama. Na taɓa barin wannan gwajin a wani aiki saboda mai kwangilar ya rantse min aikinsa ba ya yoyo kuma mai gidan yana son tarewa, ruwan farko da aka yi silin ɗin ɗakin yara ya yi taswira, sai da aka ɗaga tayil da allo duka aka nemo ramin, kuma bai fi kan yatsa ba, a gindin bututun tanki. Har yau abin yana damuna don iyalin sun sha wahala a banza.

Na shida allon XPS a kan kwaltar, ba a ƙarƙashi ba. Haka allon yake kare kwaltar daga rana ta daɗe. A jera su manne da juna baki cikin baki, kada a bar rata. Santimita 5 shi ne mafi ƙaranci, in aljihu ya yarda ka yi 7 ko 10, ni a Makka da zafi ke haura digiri 45 na fi son a yi biyu-biyu a saɓa gaɓoɓin. Rufi mai mita 100 zai ci allo 134, sayi 140 saboda yanka. A kula: fetur da tina da firaimar da ba ta bushe ba suna narkar da falin kamar sukari a shayi, kuma kada a kawo wutar gas kusa da shi bayan an shimfiɗa.

Na bakwai a rufe. A shimfiɗa zanen kariya mai barin ruwa ya wuce, sannan tsakuwa kamar santimita 5, ko tayil in kuna hawa sama shan iska da shanya. Kada allon ya kwana biyu a buɗe, iska na ɗauke shi, rana na ƙona fuskarsa.

To wanda rufinsa tsoho ne mai tayil kuma ba ya son fashe-fashe fa? Shi ne fom na feshi ya yi masa. A wanke, a bushe, a fesa hawa-hawa ba lokaci ɗaya ba, a shafe da fenti mai kariya hawa biyu, fari. Gargaɗi: ku yi magana a kan kauri a rubuce, 3 ne ko 5, bayan an gama ka ɗauki ƙusa ka soka a wurare goma daban-daban har da gefe da bayan tanki ka auna, sai su toshe ramukan. Da yawa tsakiya suke cikawa gefe kuma su yi masa shafa. Ranar feshi a janye motoci, naka da na maƙwabta, don iska na kai shi kuma ba ya fita a gilashi, yara da tsofaffi masu asma su bar gidan. Fentin saman kuma ba na har abada ba ne, duk bayan 'yan shekaru sai an sabunta, da ka ga fom ya fara zama ruwan ƙasa yana gari to lokaci ya yi.

5. Mulhak mai rufin kwano

Yawancinmu akwai ɗan ɗakin nan na sama da aka rufe da shinko, ko samari ke kwana ko baƙi lokacin Hajji da Umra. Shi ya fi ko'ina azaba kuma shi ya fi sauƙin gyara. In sabo za ka yi, sayi kwano mai fom a tsakiya, wanda ake cewa sandwic, mai santimita 5, ka huta. In tsoho ne, a fesa fom a saman kwanon a shafe da fari, ko a yi silin na jibs a ƙasa a shimfiɗa suf sakhri a kansa. Fentin fari kaɗai ma yana ragewa, sai dai ƙura na rage masa ƙarfi, sai ana wankewa.

A kula da ledar nan mai ƙyalli kamar azurfa: tana aiki ne kawai in akwai sarari na iska tsakaninta da kwanon. In aka manna ta jiki da jiki kuɗinka ka zubar.

6. Bango

Mai sabon gini, tun 2014 aka fara wajabta azil a manyan birane kuma yanzu yana cikin dokar gini ta ƙasa, ba a ba ka mitar wuta sai da shi, ofishin injiniyan da ya zana maka gida shi zai rubuta kaurin da ya dace da yankinka. Abin da ya fi a wurina shi ne bango biyu da allo santimita 5 a tsakani. Bulo mai falin ma ya yi, amma ka lura da simintin da ake cusawa tsakanin bulo da bulo, in ya haɗe waje da ciki zafi ta nan zai bi. Babban kuskuren da nake gani kusan kowane gini shi ne a yi wa bulo azil a bar ginshiƙai da bim tsirara, su kuma kankare ne zalla da rodi, zafi ya bi ta cikinsu ya shigo abinsa. A lulluɓe su ta waje kafin filasta. Ka ɗauki hoton kowane bango kafin a rufe shi, bayan filasta babu mai iya gaya maka abin da ke ciki.

Mai tsohon gida, ba sai ka yi duka ba. Fara da bangon yamma, in da sauran kuɗi ka yi na kudu. Ta ciki ake kafa ƙarfe, a cusa suf sakhri santimita 5, a rufe da jibs, zai ci maka kamar santimita 7 na ɗakin. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi don yana ƙaiƙayi sosai.

Gargaɗi biyu a nan. Falin da fom suna cin wuta kuma hayaƙinsu guba ne, kada a bar su a buɗe a cikin ɗaki, kada a sa su a kicin ko a kan wayoyin wuta, wurin suf sakhri ne wannan. Na biyu na mutanen Jidda ne da duk na bakin teku: danshinku daga waje yake zuwa ya nemi bangon da mukayyif ya sanyaya, don haka in suf ɗin mai leda ne a fuska ɗaya, ledar ta kalli bangon waje. Kuma bangon da dama yake tsattsafo ko fentinsa ke ɓarewa a gyara shi tukun, in ka rufe shi haka funfuna za ta yi gida a baya. Riyad da Madina iskarsu busasshiya ce, wannan bai cika damunsu ba.

7. Taga, ƙofa da ƙananan ramuka

Wannan matakin ɗan haya ma zai iya, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ramin gefen mukayyif na taga da ake toshewa da kwali ko tsumma, cire ka yanka falin ka cusa ka bi da silikon. Ƙasan ƙofa a sa roba. Tagar da ke kallon yamma a sa mata labule mai kauri, in da hali a yi mata inuwa ta waje don tare rana kafin ta taɓa gilashi ya fi. Mai canza taga ya sa gilashi biyu mai iska a tsakani. Bututun jan ƙarfe na mukayyif sifilit, mai inji a waje, da ke bi ta sama, duba baƙar robar da ke jikinsa, in ta ruɓe a sake a naɗe. Tankin sama da bututunsa su ma a lulluɓe ko a yi musu rumfa, ka huta da ruwan da ba ya taɓuwa da azahar.

Amma fa ɗan haya kada ka taɓa rufi ko bango sai da yardar mai gida, kuma ku rubuta ko za a cire kuɗin a haya.

8. Mai aiki, farashi da lokaci

Kira mutum uku su hau rufin su gani da ido, wanda ya yanka maka farashi a waya bai gani ba ka bar shi. Kowa ya rubuta maka sunan kayan, kauri, kasafa, hawa nawa na fenti, ko share rufi da ɗaga tanki da kwashe shara suna ciki, ko haraji na ciki. A ce wani ya ce riyal 40 mita wani ya ce 25, kafin ka yi murna tambayi na 25 ɗin santimita nawa, sau da yawa a nan bambancin yake. Garantin shekara goma da ake faɗa da baki ba komai ba ne sai a takarda mai hatimin kamfani mai rajista. Kuɗi kashi uku: kafin alƙalami, bayan gwajin ruwa, sauran bayan ka soka ƙusa ka auna.

Lokaci kuma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, kuma ko ba doka bai kamata ka sa bawan Allah a kan rufi da wutar gas a wannan zafin ba. Ƙarshen shekara kuma lokacin ruwa ne a Jidda da Makka. Ni Maris da Afrilu nake zaɓa, ko Oktoba. In da gyaran mukayyif ko sayen sabo a ranka, dakata sai an gama azil, don ɗakin da da yake neman tan biyu wataƙila ɗaya da rabi ya ishe shi yanzu.